Kwamfuta Ba Ta Jin Ƙarar Farfela: Yadda Ya Kamata A Bi Sawun "Gaf" A Tsohuwar Hilux

Wata al'ada ta kama garejojin Gusau, har ta fara isa Tsafe da Bunguɗu: ko me ya samu mota, maganar farko ita ce "a sa mata kwamfuta". Mai tsohuwar Hilux ko Prado zai zo yana kukan cewa duk sanda ya saki kuloci, ko ya mayar da giya daga R zuwa D, sai ya ji "gaf" daga ƙarƙashi kamar an doka guduma a ƙarfe. Sai a ɗauko 'yar na'urar nan a soka ta ƙasan sitiyari, a haɗa ta da waya, kowa ya zuba wa allo ido. Ko dai allon ya ce babu matsala, ko ya fito da wata lamba da ba ta haɗa komai da ƙarar ba. Mai mota ya biya kuɗin kwamfuta, ya koma gida da gaf ɗinsa. In ya yi rashin sa'a, lambar da ta fito ta sa a sauya masa wata sensa ta jikin salansa, wadda ba ita ta kawo shi ba.

Na'urar ba ƙarya ta yi ba. Tambayarta aka yi abin da ba ta da kunnen jin sa.

Soket ɗin nan mai ƙofofi 16 na tsarin OBD-II ne, wanda Amurka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a can tun daga ƙirar 1996. Turai ta biyo baya da nata a 2001 ga motocin fetur, na dizal kuma bayan 'yan shekaru. Dalilin kafa dokar shi ne hayaƙi. Hukumomi suna so mota ta riƙa tona asirin kanta idan ta fara gurɓata iska. Shi ya sa lambobin da aka fi gani suke zagaye injin: P0300 na cewa wuta na tsallake a silinda, P0420 na ƙorafi kan matatar hayaƙi, P0500 na cewa sensar gudu ta daina magana. 'Yar na'urar da ake sayarwa da araha, wadda yawanci kwaikwayon ELM327 ce ta kamfanin Elm Electronics na Kanada, ita da manhajoji irin su Torque da Car Scanner, aikinsu ɗaya ne: su karanto abin da kwamfutar motar ta riga ta rubuta. Ita kuma kwamfutar motar ba ta rubuta komai sai abin da wata sensa ta gaya mata. Babu sensa a jikin kuros ɗin farfela. Babu a bushin ɗin sifirin, babu a haƙoran aksul. Waɗannan za su iya cinyewa har su tarwatse, fitilar injin ba ta ko ƙifta ba.

Wasu motocin ma babu wanda za a tambaya. Land Cruiser mai injin 1HZ da Hilux mai injin 3L famfon mansu na ƙarfe ne zalla, babu kwamfutar injin ko kaɗan. Wasu kuma da ba don kasuwar Amurka ko Turai aka ƙera su ba suna da soket ɗin, amma ba dole ne su amsa yaren da na'ura mai araha ta iya ba.

To idan kwamfuta ba ta da amfani a nan, me fasaha za ta iya yi wa mai tsohuwar mota? Abu mafi daraja da duniyar manhaja za ta ba gareji a wannan matsalar tsarin tunani ne, kuma kyauta yake. Duk wanda ya taɓa kwana yana neman kuskure a cikin manhaja ya san ƙa'idoji uku da ba a tsallake su: a fara iya maimaita matsalar duk lokacin da aka ga dama, a raba wurin bincike gida biyu a jefar da rabin da ba shi da laifi, sannan kada a taɓa sauya abu biyu a lokaci ɗaya. Gogaggen bakanike yana yin wannan a cikin kansa ba tare da ya ba shi suna ba. Wanda bai goge ba kuwa lalube yake yi a duhu da kuɗin mai mota: yau shokozoba, jibi boljoyin, mako mai zuwa giyabos ɗin Beljiyam sukutum.

Aikin yana farawa daga bakin mai motar. "Tana ƙara a ƙasa" daidai yake da mai amfani da manhaja ya turo saƙo cewa "ba ta aiki". Babu abin da za a yi da wannan. Hausa kuwa tana da kayan aiki sosai a nan, don tana da kalmomin kwaikwayon sauti masu yawa. "Gaf" guda ɗaya mai nauyi daban yake da "ƙas-ƙas-ƙas" mai bin juyin taya. "Dum" da ake ji a bayan kujera daban yake da "ƙwal-ƙwal" na ƙarfe sako-sako a kan gargada, kuma dukansu daban suke da "wuuu" mai ƙaruwa da gudu. Wanda ya zo ya ce "gaf ɗaya take yi idan na ɗaga ƙafa daga totur a giya ta biyu sannan na sake takawa, ba ta yi a kan rami, kuma da safe da rana duk ɗaya ne" ya riga ya yi wa bakanike rabin aiki. Masu kai tambayar wajen ChatGPT da ire-irensa su ma su lura: in aka ba shi "tana ƙara a ƙasa", jerin abubuwa goma zai zubo, dukansu masu yiwuwa, babu ɗaya da ya fi wani. Bai ji ƙarar ba, kuma bai san an ɗora wa motar buhun masara ashirin jiya ba.

Rabawar farko ita ce mafi muhimmanci, kuma ita aka fi tsallakewa. Shin ƙarar tana zuwa ne da ƙarfin injin, ko da motsin hanya? A nemi shimfiɗaɗɗiyar kwalta marar rami inda babu cunkoso, a sa giya ta biyu, a taka totur, a ɗaga ƙafa, a sake takawa. Idan gaf ɗin ya amsa kowane taku, laifin yana kan hanyar da ƙarfi ke bi daga injin zuwa taya. Sannan a nemi burji mai gargada ko tudun rage gudu, a sa giya a N, a bar motar ta gangara a hankali. Idan a nan ne ƙarar ke fitowa, a ƙyale farfela da aksul, a koma kan bushin ɗin shokozoba, 'yan sandunan sitabilaiza, boljoyin, notin sifirin, ko ma safaya da ta saki a ƙarƙashin bodi. Gwajin minti goma ne, amma ya jefar da rabin motar daga zargi.

Idan ta tabbata ƙarfin injin ne ke tayar da ƙarar, sai a tuna yadda ƙarfin yake tafiya. Daga injin ya shiga giyabos, daga nan ya shiga akwatin ogzilari wanda ke raba shi gaba da baya, ya bi farfela biyu, ya shiga tulun aksul inda manyan haƙora ke juya shi zuwa gefe, ya bi shaf ya isa taya. A kowace mahaɗa akwai 'yar rata da aka bari da gangan don mai ya samu wurin shiga. Idan direba ya ɗaga ƙafa, tayoyi ne ke tura injin. Idan ya taka, injin ne ke tura tayoyi. Duk lokacin da aka juya wannan turin, kowace rata sai ta rufe ta ɗaya gefen, kuma wannan rufewar ita ce gaf. Motar da ta shekara ashirin tana aiki za ta tara 'yar rata a ko'ina, shi ya sa ƙaramin sauti a tsohuwar Land Cruiser 80, wadda aka ƙera tsakanin 1990 da 1997 kuma da yawansu ƙafa huɗun ke ja kullum, ba lallai ne ya zama ciwo ba. Abin nema shi ne mahaɗar da ratarta ta fi ta sauran nesa ba kusa ba.

Kafin a shiga ƙarƙashi akwai mai laifin da ke sa a zargi giyabos a banza: injin-sit, wato robar da injin da giyabos ke zaune a kai. A buɗe bonet, direba ya danne birki da ƙarfi, ya sa D ya ɗan taɓa totur, ya mayar R ya sake. Mai kallo ya tsaya a gefe, ba a gaban mota ba. In injin ya ɗaga kafaɗa ɗaya sama ya faɗo da ƙara, an gama bincike.

Wanda ya fi kowa yawan laifi shi ne kuros, ƙarfen nan mai hannu huɗu da ke kowane ƙarshen farfela. A kowane hannu akwai kofi cike da siraran allurai na ƙarfe da ke birgima cikin giris. Ƙurar rani da ruwan damina su ne ajalinsa. Idan giris ya ƙare allurai su fara niƙa kansu, kuma alamar farko da ido ke gani ita ce jan gari kamar na tsatsa a bakin kofin. Kunne kuma yakan ji siririn "ƙyi-ƙyi" idan ana tafiya a hankali, musamman da baya, tun kafin gaf ya fara. Gwajinsa da hannu ne. A tsayar da mota a wuri mai daidai, a datse tayoyi da dutse ko katako gaba da baya, a kashe injin, a sa giya a N don nauyin mota ya sauka daga kan farfelar. In ba a yi haka ba, kuros ɗin da ya mutu ma zai yi kamar lafiyayye, don a matse yake. Sai a riƙe farfelar da hannu ɗaya, a riƙe bakin aksul da ɗayan, a murɗa su saɓanin juna, a girgiza sama da ƙasa. Lafiyayyen kuros ba ya da rata ko ta gashin kai. Duk motsin da aka ji a tsakaninsa hukunci ne. Kuma kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita. Waɗannan motocin suna da tsayin da za a iya yin gwajin tayoyinsu na ƙasa.

Akwai wani abu da ake yawan yi wa farfela wajen sauya kuros wanda ke haifar da sabuwar cuta. Farfela gida biyu ce da ke zurawa cikin juna, kuma kunnuwan da ke ƙarshenta biyu dole su kasance a layin da masana'anta ta jera su. Dalili shi ne kuros ɗin da ke aiki a karkace ba ya juyawa da gudu ɗaya: sau biyu a kowane juyi yana ɗan sauri yana ɗan jinkiri, kuros na biyu ne ke goge wannan idan an jera su daidai. Yaron gareji ya zare ta, ya wanke, ya mayar yadda ta shiga, haƙori biyu ko uku a goce. Gaf ya tafi, karkarwa ta zo. Alli ko ɗigon fenti kafin a kwance shi ne duk maganin, amma sau nawa ake yi?

Wannan wurin zurawar shi ma yana da tasa ƙarar, kuma ita ce ta fi cin kuɗin mutane a banza. Masu Prado, 4Runner da Land Cruiser a ƙasashe da yawa sun san ta: mota ta tsaya cak a danja, bayan daƙiƙa ɗaya a ji "dum" kamar wani ya ɗan taɓa ta daga baya, ko a ji shi daidai lokacin da aka saki birki za a tashi. Abin da ke faruwa shi ne idan aka taka birki aksul na baya yana ɗan murɗawa, tsawon farfela yana bukatar canzawa kaɗan, amma haƙoran zurawar sun bushe sun cije. Sai su riƙe, su riƙe, sannan su saki gaba ɗaya. Mutane sun sauke giyabos saboda wannan. Maganinsa giris ne mai lamba NLGI 2 ta 'yar kan nonon da ke jikin farfelar, irin wanda littafin motar ya ambata. Sai dai a yi hattara da mai famfon giris mai ƙwazo: idan aka cika ramin taf, farfelar ba ta da wurin shiga, sai ta riƙa tokarar boris ɗin akwatin ogzilari da na aksul. A buga kaɗan, da an ga ta fara miƙewa a tsaya.

Na gaba ba ya ɓuya sosai. "Ƙas-ƙas-ƙas" idan an karya sitiyari ana ba da wuta, shaf ɗin taya ne na waje, kuma kusan kullum za a tarar robarsa ta yage ta watsa baƙin giris a jikin taya. A motoci masu sandar aksul a gaba, irin Land Cruiser 70 da 80 da tsofaffin Hilux, mahaɗar tana ɓoye cikin ƙwallon ƙarfen da ke bayan taya, ba ta yin ƙara sai ƙafafun gaba na ja. Idan motar tana da makullin hob mai FREE da LOCK, ga hanyar raba bincike a sauƙaƙe: a mayar da su FREE, a sa 2H, gaba ɗayan kayan gaba sun daina juyawa. Ƙarar ta ɓace? Tana gaba. Tana nan? Tana baya.

Sai ƙarar da babu abin da ya lalace, direba ne ke ƙirƙirar ta, kuma wannan ya shafi masu zirga-zirga tsakanin gona da gari. Hilux, Xterra da yawancin tsofaffin Pathfinder idan aka sa su 4H, gaba da baya a ɗaure suke da juna, babu abin da ke ba su damar bambanta gudu. A kwana kuwa tayoyin gaba sun fi na baya yin tafiya mai tsawo. A cikin yashi ko laka babu damuwa, taya za ta ɗan zame ta huce. A kan kwalta babu zamewa, sai ƙarfen ya riƙa murɗewa kamar igiyar guga har wani abu ya saki da "gaf", sitiyari ya yi nauyi, sandar ogzilari ta ƙi fita. Mutum ya fito daga lakar gonakin bayan Nahuce a watan Agusta, ya hau titin Sakkwato ya manta bai cire ba, kafin ya shigo Gusau ya ba kuros da sarƙar ogzilari wahalar wata shida. In ta cije, a ja da baya 'yan mitoci a miƙe, ko a sauke ƙafa biyu kan ƙasa, za ta saki.

Taya ma tana yin wannan ɓarnar ko a miƙaƙƙiyar hanya, kuma lissafin ya isa a tsaya a kansa, tunda sayen tayar Beljiyam ɗaya-ɗaya shi ne abin da aljihu ke iyawa. Taya mai lamba 265/70R16 tsayinta kusan milimita 777 ne, kewayenta mita 2.44. Mai lamba 245/70R16, wadda a ido kusan ɗaya suke kuma duk rim ɗaya suke hawa, tsayinta milimita 749 ne, kewayenta mita 2.35. A kowace kilomita ta farko za ta juya sau 410, ta biyu sau 425. Idan manya na baya ƙanana na gaba, bambancin juyi 15 ke nan a kilomita ɗaya, sama da 750 a tafiyar kilomita 50. A motar da ke 4H, wannan bambancin ba shi da mafita sai ta zamewar taya ko ta cin ƙarfe. A mota irin Prado 120, mai na'urar raba gudu a tsakiya, ba za a ji gaf nan take ba, amma na'urar tana aikin da ba a yi ta dominsa ba dare da rana. Kafin a kwance ko noti ɗaya, a zagaya a karanta lambar tayoyin huɗu. Mai faci ma zai iya wannan binciken.

A nan ne waya take da amfani na gaske, ba ta hanyar soket ba. Kunnen mutum a cikin mota maƙaryaci ne, don ƙarfen shasi yana ɗaukar sauti daga baya ya kai shi gaba. Kamfanin Steelman yana sayar da wata na'ura mai suna ChassisEAR, ƙananan makirufo ne da ake maƙalawa a wurare daban-daban a saurare su ɗaya bayan ɗaya ana tafiya. Tsohuwar wayar Android da ke kwance a durowa za ta yi kusan wannan aikin. A ɗaure ta tamau da roba a jikin shasi, nesa da salansa da duk abin da ke juyawa, a kunna ɗaukar murya, a maimaita gwajin nan na taka-ɗaga sau biyar. A matsar da ita kusa da aksul na baya a sake. Inda sautin ya fi kaifi, can ne. Bidiyo ya ma fi: a jingina wayar a ƙasa tana kallon farfela, direba ya danne birki yana sauya R da D, babu kowa a ƙarƙashi. A kalli hoton a hankali. Za a ga ko farfelar ce ke juyawa da yawa kafin ta kama, ko bakin aksul ne ke ɗagawa sama saboda bushin ya mutu ko notin sifirin ya saki.

Idan gaf ɗin ya zo da karkarwa a kan gudu, akwai manhajar phyphox, wadda jami'ar RWTH Aachen ta Jamus ta fitar kyauta don ɗaliban kimiyya. Tana amfani da sensar motsi da ke cikin kowace waya ta nuna sau nawa abu ke girgiza a daƙiƙa. A gudun kilomita 80 a awa, tayar 265/70R16 tana juyawa kusan sau 9 a daƙiƙa. Idan rabon haƙoran aksul 4.1 ne, kamar na Land Cruiser 80 da yawa, farfela tana juyawa kusan sau 37. A kwantar da wayar a daɓen mota, wani ya riƙe ta, direba ya riƙe gudu ɗaya. Tsinin da ya fito kusa da 9 na taya ne ko rim, wanda ya fito kusa da 37 na farfela ne. Don kada a rikita shi da injin, a sa N a bar ta ta gangara: in tsinin na nan bayan injin ya sauka, ba injin ba ne. Manhajar ba ta bukatar intanet da zarar an sauke ta, kuma duk wanda ya zauna a Zamfara a watan Satumban 2021, lokacin da aka rufe layukan sadarwa a jihar baki ɗaya, ya san darajar kayan aikin da ba ya jiran sabis.

Tulun aksul shi ne na ƙarshe da ya kamata a zarga, don shi ya fi tsada, amma yana da rajistarsa da ba ta ƙarya: notin zubar da mai, wanda a yawancin waɗannan motocin yake da maganaɗisu. Laushin toka-toka kamar kwalli a jikinsa ba komai ba ne. Ɓarɓashi mai ƙyalli da ake ji a yatsa, ko guntun haƙori, shi ne mugun labari. Idan man ya fito kamar koko da madara, ruwa ya shiga. Aksul mai zafi da ya faɗa rafi yana hucewa nan take, iskar cikinsa ta tsuke, ya zuƙo ruwa ta hancin numfashinsa ko ta bakin sil. Duk motar da ta yi damina tana ƙetare rafuka a ƙauyukan Tsafe ko hanyar Ɗansadau tana bukatar a leƙa man nan, a mayar da man giya mai lamba GL-5, ba baƙin man injin ba. Ratar da Toyota ke bari tsakanin manyan haƙoran nan ba ta wuce kashi ɗaya cikin biyar na milimita ba, da agogon awo ake saita ta. Wanda ya ce zai ɗaure babban notin bakin aksul "har ƙarar ta tafi" gyaran gangar Abzinawa zai yi, domin notin nan shi ke riƙe da matsin boris, in ya wuce ƙima boris ɗin zai ƙone.

Akwai kuma maganin da ya zama ruwan dare, musamman a Highlander, RX300 da RAV4, har da Hilux: a cire farfela ɗaya a jefa a but, a ce ai ƙarar ta tafi, har mai ma za ta rage sha. A matsayin gwaji, wannan dabara ce mai kyau, daidai da kashe rabin manhaja don a ga ko kuskuren na cikinsa. A matsayin gyara kuwa, daidai yake da goge saƙon kuskure a bar kuskuren. Motar da aka ƙera ƙafa huɗu su ja kullum, in an cire mata farfela ɗaya, ko dai ta ƙi motsi sai an kulle tsakiya, ko kuma na'urar tsakiyar ta ɗauki dukan nauyin har ta gasu. Wanda kuma ya sayi mota mai ogzilari saboda yashi da laka, ya cire abin da ya sa ya saye ta saboda kuros ɗaya, zai tuna da ita ranar da ya kafe.

Ba daidai ba ne a jibge laifin duka kan bakanike. Mai mota zai biya kuɗin "kwamfuta" ba gardama, saboda ya ga allo da rubutun Turanci. Amma bakaniken da ya ɓata awa ɗaya yana tuƙi, yana saurare, yana girgiza farfela, sannan ya ce giris kawai take so, me za a ba shi? "Ai ba ka yi komai ba." Tsarin biyan ya koya wa gareji cewa kuɗi na cikin kwancewa da sauyawa, gano ciwo kuwa sadaka ne. Muddin haka ne, za a ci gaba da sauke giyabos saboda busasshen haƙorin farfela. Mai motar da ke son a daina yi masa lalube sai ya yanka wa binciken kansa kuɗi tun kafin a fara, ya ce a nuna masa ratar da hannu ko a bidiyo kafin a sayo komai, a sauya abu ɗaya, a koma wurin da aka yi gwajin farko a maimaita shi. Ya karɓi tsohon kayan da aka cire. Ya rubuta rana da lambar kilomita a waya, don bayan wata shida babu mai tuna ko kuros na gaba aka sauya ko na baya.

A wani wurin wannan duk maganar kuɗi ce. A hanyar Gusau zuwa Funtuwa ta Tsafe, ko ta Sakkwato da ta ratsa Bunguɗu da Maru, maganar ta wuce kuɗi, kuma babu direban da ke bukatar a yi masa bayanin abin da tsayuwa a gefen daji bayan la'asar ke nufi a shekarun nan. Dum ɗin zurawar farfela zai iya jira. 'Yar ratar tsufa da ta bazu ko'ina za ta iya jira shekaru. Kuros mai motsi ba ya jira, haka bakin aksul da ke girgiɗi yana yoyon mai, haka boljoyin da notin taya. Mafi haɗari shi ne kuros ɗin gaba na farfelar baya: in ya tsinke a kan gudu, kan farfelar ƙasa yake faɗowa yana fuskantar inda motar ta nufa, zai iya cakar titi ya ɗaga bayan motar, ko ya yi ta dukan ƙarƙashi har ya fasa akwatin ogzilari ko ya tsinke bututun birki.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma mai irin wannan motar da ke bin waɗannan hanyoyin ya kamata a samu kuros ɗaya sabo a akwatin kayan aikinsa, da sifana biyu masu lamba 14, waɗanda su ne ke kwance notin farfelar yawancin Toyota, da guntun alli. Idan ta baya ta ba da matsala a hanya kuma motar irin Hilux ce mai 2H da 4H, ana iya datse tayoyi, a ja birkin hannu, a yi alama, a kwance farfelar gaba ɗaya, a kulle hob, a sa 4H, a lallaɓa da ƙafafun gaba kaɗai har cikin gari. Sai dai a tuna, da zarar farfelar baya ta fita, giya ko P ba sa riƙe tayoyin baya, don haka dutsen da aka datse taya da shi ba ya fita sai direba na zaune ƙafarsa a kan birki.